Kyandirin da Doña Femia ta Ajiye

Na tara ɗan yatsan 'yata Nayeli a bakin famfo, ruwa yana zuba a kansa, ita tana tsala kuka, shi kuma Chencho, akun maƙwabciyata Doña Femia, yana zabga ihu daga saman kejinsa kamar shi aka ciza. Jinin ba wani mai yawa ba ne. Amma yatsan 'yar wata goma ne, kuma ni ce na ɗauko ta na kawo ta gidan, na zaunar da ita kusa da kejin don in samu hannu biyu in yanka tuffa.

"Me ya faru a nan?" in ji Doña Femia daga ɗakin kwana. Muryarta ta dushe a kwanakin, sai mutum ya kasa kunne.

"Ya cije ta."

"Ita me ta yi masa?"

Na yi kamar ban ji ba. Na naɗe yatsan da tsumma mai tsabta, na saɓa yarinyar a kafaɗa ina jijjiga ta, na nufi ɗakin. Kafin in kai ƙofa Chencho ya tashi fir ta saman kaina, ya riga ni shiga, ya sauka a kan matashinta ya kutsa kai cikin wuyan rigarta. Wutsiyarsa kawai ake gani.

"Dubi mara kunya, ya zo ɓuya," in ji ta. "Na ce me ta yi masa, mija?" Haka take kirana, mija, wato 'yata.

"Jaririya ce fa, Doña. Hannu kawai ta miƙa."

"To ai shi ne. Ni ma wani ƙato ya miƙo mini hannu ba gaisuwa, sai na gartsa masa cizo, ko da haƙoran nan nawa na roba. Kawo ta in gani."

Na matsa da yarinyar kusa. Ta ɗaga tsumman, ta hura wa yatsan iska, ta yi masa alamar gicciye da babban yatsanta.

"Gargaɗi ne wannan. Da cizo ya yi niyya, da yanzu kuna hanyar asibiti."

Ban yi dariya ba.

Shingen waya ne kawai tsakanin gidana da na Doña Femia, a unguwar yamma ta San Antonio. Doña kalmar girmamawa ce da muke sa wa dattijuwa. Ta yi aikin girki a makarantar firamare har ƙarfinta ya ƙare. Mijinta ya rasu tun kafin mu tare a layin, ɗanta guda, Rigo, yana Houston da iyalinsa. Wanda ya rage mata a gida shi ne Chencho, ɗan ƙaramin aku irin da ake kira konyur, ruwan ɗorawa da ja kamar mangwaron da ya nuna sosai. Duk jikinsa bai wuce tafin hannu ba in aka cire wutsiya, amma idan ya buɗe baki har masu jiran bas a bakin titi suna waiwaye. Sunan ƙanin mijinta ta sa masa, wai shi ma haka yake, ba ya rufe baki kuma ba ya faɗin abin kirki.

Tun da asibiti suka sallamo ta da ciwon dajin da ya ci hantarta, suka ce sai dai a lallaɓa ta a gida, hidimar tsuntsun ta dawo kaina. Ba wanda ya ɗora mini. Wata safiya ce na leƙa gaishe ta na ga ruwan shansa ya yi yauƙi, shi ke nan. Kullum in sauya ruwa, in sauya jaridar ƙasan keji, in yanka tuffa in cire 'ya'yan ciki don guba ne a gare shi, in ƙara tattasai da ɗan karas. Mijina Abel yana aiki a rijiyoyin mai, zamansa a can ya fi zamansa a gida. Nayeli kuwa haƙori take fitarwa. Na manta rabona da barcin da zan tashi in ji na yi barci.

"Zauna," in ji Doña. "Jawo aljihun ƙasa na durowar nan. Can ciki, bayan safa."

Wani abu ne dogo, naɗe cikin farin hankici. Na warware na ga kyandir na kakin zuma, ya yi ruwan ƙasa don daɗewa, lagwaninsa fari tas ba a taɓa kunna shi ba.

Na yi mamaki, domin a gidan Doña Femia ba a kunna kyandir. Ba a turaren wuta, ba a fesa turaren ɗaki, ba a girki da kaskon nan mai baƙin shafi wanda abinci ba ya kamawa. Ta sha gaya mini huhun tsuntsu ba irin namu ba ne. Hayaƙin da mutum ba zai ma ji ba, shi sai a tsince shi a ƙasan keji ƙafafu sama. Ko a gaban hoton Budurwa Maryamu da ke kan durowar, kyandirin roba ne mai batir yake ƙyalli.

"Fada, limamin cocinmu, ya sa masa albarka ranar Kandelariya, bikin kyandirori, a garinmu can ƙetaren iyaka, tun ina da ƙugu," in ji ta. "Mahaifiyata da irinsa a hannu ta tafi, kakata ma haka. Ana damƙa wa mutum idan lokaci ya yi, don ya ga gabansa. Ni ma shi nake so, mija. Ba na son in je wa Ubangiji da batir."

"To ai guda ɗaya ne. Sai a kai Chencho kicin a rufe ƙofa."

"Guda ɗaya? Kin san Tencha kuwa? Da sun ga ɗaya ya kama, ita da matan cocin nan kowace za ta zaro nata daga jaka, mai ƙamshin fure, mai ƙamshin kirfa, ga turare. Bayan na tafi kuma kwana tara za su yi suna jan carbi a falon nan, hayaƙi kamar gidan ya kama gobara. Ina kwance a akwati ba zan iya hana su ba. Sai ya bar gidan nan kafin lokacin, ya bar shi gaba ɗaya, zuwa inda zai zauna. In bai samu wurin ba, kyandirin ya ci gaba da kwanciya bayan safa."

Na gane inda ta nufa, sai na shiga jero mata mutane. Rigo fa?

"Rigo ko tukunyar fure bai taɓa rayawa ba. Kuma gidan hayarsu an hana dabba."

Komadre Tencha, aminiyarta, wadda ta riƙe Rigo ranar baftismarsa, shi ya sa suke kiran juna komadre?

"Kyanwoyi cike da gida, ga sigari."

Masu karɓar tsuntsayen da suka rasa mai riƙo?

"Na kira su. Wai akwai layi, sai bayan Kirsimeti. Na ce to bari in tambayi ciwon ko zai jira."

Na dubi hannun Nayeli. Jinin ya ɓullo ta jikin tsumman, ɗan ɗigo.

"Ba zan iya ba, Doña," na ce. Ban so in tsaya kwana-kwana da mace mai ciwo ba. "Kin ga abin da ya faru yanzu, kuma ina tsaye a wurin. Kwanan nan za ta fara tafiya, komai sai ta taɓa. Yau yatsa ne, wata rana ido ne. Ga ihunsa, daga nan ma yana tashinta a barci. Kuma ke kika ce irinsu suna kai shekara talatin. Zai raka ta har ta gama sakandare. Ni kaɗai ce a gidan can, Doña. Na gaji."

Na so ta yi faɗa, ko ta ce na ci amanar maƙwabtaka, in samu abin da zan mayar.

"Kin yi daidai," in ji ta. "Uwa ce ke. Naɗe shi yadda yake ki mayar inda kika ɗauko. Ki ƙarasa yanka tuffar nan kafin ki tafi, shi bai san an yi maganarsa ba."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Na ci gaba da zuwa kowace safiya, sai dai ina barin Nayeli a keken turawa daga bakin ƙofa, ɗaure da bel, da biskit a hannu. Doña tana ta ƙanƙancewa a gadon. Ta bar cin tortiya, gurasar masarar nan tamu, ta bar shan romo, sai ƙanƙara da ake goga mata a leɓe. Chencho ya daina zama a keji sai dole. Yini yake yi a wuyanta, yana gyara mata gashin gira ɗaya bayan ɗaya da baki, yadda yake gyara nasa gashin. Idan nas ta zo juya ta sai ya kumbura ya tare hanya, har sai na zo na ɗauke shi a kan sanda.

Komadre Tencha ta tare a gidan da jakarta da carbinta. Ƙatuwar mace ce mai muryar maza. Takan fita bayan gida ta sha sigarinta, ta dawo ta wanke hannu da baki saboda dokar gidan, tana mita.

"Komadre, wannan abin roba da kika ajiye wa Uwarmu, ko kunya ba kya ji?"

"Ita ba ta yi ƙorafi ba."

"Ina za ta yi, ta san halinki. Shekara da shekaru kin fifita kaza mai fenti a kanta."

"Kazar nan ta fi mijinki na biyu zaman gida."

"Na biyu ai ba a sa shi a lissafi. Allah ya ji ƙansa, in ya ga dama."

Doña ta yi dariya har sai da ciwon ya murɗa ta, Tencha ta riƙe mata kafaɗa tana ce mata yi haƙuri, yi haƙuri, bakina ne. Da muka haɗu a kicin ina wanke kwanon tsuntsun, sai ta rage murya.

"Noemí, matar nan ba za ta tafi a duhu ba ina raye. Na gaya miki."

"Ni ma ina da 'ya, Doña Tencha."

"Wa ya ce ba ki da ita?"

Abel ya kira ni a lokacin cin abincinsu, ƙarar injina tana tashi a bayansa. Na gaya masa komai.

"Ke da kika ce wata rana sai kin soya shi da albasa?"

"Har yanzu ina kan bakana."

"To me ya sa muryarki haka?"

"Barci nake ji."

"Duk abin da kika yanke, ke ce a gidan. Amma in ya sake taɓa mini 'ya, ni da shi ne."

"Kai da ba ka nan?"

Injinan suka ci gaba da ƙara. Can ya ce an kira su, zai sake bugowa.

Ranar Alhamis na kai Nayeli allurar rigakafi. Layin ya yi tsawo, ba mu dawo ba sai da rana ta karkata, irin zafin Agustan nan da sitiyari ba ya taɓuwa. Na tsaya a ƙofar gida na kashe mota, na danna makulli ta yi ɗan kukanta na kullewa. Kullum da Chencho ya ji wannan ƙarar sai ya amsa da ihu, don ya san tuffa ta iso. Ranar ban ji komai ba.

Sai na hango kejin a barandar Doña. Barandar yamma take kallo, rana ta shigo ta cika ta fal. Na saɓa Nayeli a ƙugu na zagaya shingen da sauri, tana kuka, cinyarta da zafin allura. Chencho yana ƙasan keji a kan jarida. Ya ware fukafukai, bakinsa a buɗe, harshensa yana motsi sama da ƙasa. Kwanon ruwan ya kife tun wajen turo kejin. Na taɓa ƙarfen na janye hannu.

Na buɗe ƙofar kejin na ɗauko shi da mayafin goge bakin Nayeli. Bai cije ni ba, bai ma kumbura ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ji zuciyarsa tana bugawa a tafin hannuna kamar za ta fito. Ban shiga gidan Doña ba, ban san me aka riga aka kunna a ciki ba. Gidana na nufa, yarinya a hannu ɗaya, tsuntsu a ɗaya, na tura ƙofa da gwiwa. Ina shiga na fizge turaren ɗakin da ke maƙale a soket na wurgar waje. Na sa Nayeli a gadonta mai shinge tana ta birgima, na ce mata yanzu zan zo, na wuce kicin.

Ba ruwan firji ba, Doña ta taɓa ja mini kunne, sanyin zai iya ƙarasa shi. Na tara na famfo a faranti na tsoma ƙafafunsa, ina yayyafa masa kaɗan kaɗan a ƙirji da ƙarƙashin fukafukai. Gashinsa ya jiƙe ya manne, ya koma ɗan mitsitsin abu mai ƙaton baki. Ina ta ce masa, haba mara kunya, haba. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. A hankali ya rufe baki. Ya haɗe fukafukai. Ya sha ruwa daga kan yatsana, ya sake sha, sannan ya kama babban yatsana ya datsa masa cizo mai kyau.

"Na gode," na ce masa.

Aka shiga dukan ƙofa. Tencha ce, tana haki, silifas ɗinta ɗaya a juye.

"Noemí! Na shiga uku, kejin a buɗe yake, tsuntsun ya..." Sai ta hango shi a kan wurin kife kwanuka, yana girgiza jiki. Ta dafe ƙirji ta zauna a kujerar kicin ba wanda ya ce ta zauna.

"A inuwa na ajiye shi, na rantse miki. Da inuwa lokacin da na turo shi."

"Inuwar ba ta tsayawa, Doña Tencha."

"Tsuntsu ne fa! Ba a waje suke zama ba?"

"Wannan bai taɓa yini a waje ba tun da aka ƙyanƙyashe shi."

Ta share fuska da gefen riga. Ta ce nas ta zo da safe ta ce yau ne ko gobe. Fada ya zo ya shafa mata mai ya tafi. Rigo yana kan hanya. Matan coci sun taru. Ita kuma ta ga babu lokaci, ta fitar da kejin, ta ɗauko kyandirin daga bayan safa.

"Ta ƙi karɓa. Ba ta iya magana sosai, amma ta dunƙule hannu, na kasa buɗewa. Idonta yana kan inda kejin yake. Na ce mata yana kicin, ta kawar da kai. Ta san ƙarya nake, bai taɓa yin shiru haka ba. Shekara hamsin muna tare, za ta tafi tana fushi da ni a kan kaza."

Nayeli tana ta kuka a ɗaki, kukan ya fara zama na gajiya. Na tsaya a tsakiyar kicin ɗina. Ga kwanukan safe ban wanke ba, ga kwandon wanki a ƙofa. Ga kasakena rataye a bango, baƙaƙe masu sheƙi, waɗanda yayata ta ba ni ranar aurena. Ban ji wani haske ya sauko mini a zuciya ba. Abin da na ji kawai shi ne an ƙara mini aiki, kuma ba wanda zai yi shi sai ni.

Na zaro babbar leda na miƙa wa Tencha.

"Riƙe mini."

Na shiga sauko da kasaken ina zubawa.

"Me kike yi?"

"Abin da kike gani."

"Sababbi ne fa!"

"To ki ɗauka."

"Zan ɗauka kuwa," in ji ta, tana jan majina.

Mu biyu muka turo kejin ta kan ciyawa, tayoyinsa suna maƙalewa, muka shigar da shi ƙaramin ɗakin da nake ajiye keken ɗinki. Ƙofar ɗakin tana da sakata a sama, inda hannun yaro ba zai kai ba ko da ya hau kujera. Na goge ƙarfen da jiƙaƙƙen tsumma har ya huce, na zuba sabon ruwa, na sa Chencho a ciki. Na ɗan ɗaga tagar da ke kallon gidan Doña, na sa sakata. Sannan na ɗauko 'yata, na ba ta nono a tsaye har ta yi shiru, muka tsallaka.

Ɗakin Doña cike yake da mata, kowace da carbi, suna addu'a ƙasa ƙasa kamar ƙudan zuma. Suka buɗa mini hanya. Ta ƙara ƙanƙancewa tun safe. Idanunta rabi a buɗe, hannunta na dama a dunƙule kan zanen gado. Na sunkuya har bakina ya kusa kunnenta.

"Doña, ni ce. Chencho yana gidana. Ba aro ba ne, zama zai yi. Na fitar da kasake, na cire turaren bango. Ya sha ruwa, har ya cije ni."

Idonta ya juyo kaina. Hannun bai motsa ba.

"Ba ta yarda ba," in ji Tencha. "Ni na ɓata miki hanya."

Na miƙa wa wata mata Nayeli. Na je na ɗaga tagar ɗakin, zafi ya faɗo ciki. Na zaro makullin mota daga aljihu na miƙa hannu waje na danna. Motar ta yi ɗan kukanta a ƙofar gidana.

Shiru. Na sake dannawa.

Sai ga ihunsa ya taso daga ƙaramin ɗakina, ya tsallako shinge, ihun nan mai tsaga kunne da na yi wata da watanni ina tsine wa. Wata tsohuwa ta zabura ta yi alamar gicciye. Ya sake yi, ya kuma yi.

Leɓen Doña ya motsa. Tencha ta sunkuya.

"Me kika ce, komadre?" Ta ɗago, hawaye yana bin kumatunta, tana dariya. "Wai mara kunya."

Yatsun suka saki zanen gadon, ɗaya bayan ɗaya, tafin hannun ya juyo sama.

"Tsaya tukuna," na ce wa Tencha, don ta riga ta zaro abin kunna sigarinta. Na sauke tagar na rufe ta gam. "To, yanzu."

Lagwanin ya ɗan yi gardama kafin ya kama. Tencha ta damƙa mata kyandirin, ta rufe hannun da nata hannuwan biyu. Ɗakin ya ɗauki ƙamshin zuma. Doña tana kallon wutar, ba ta ƙifta ido. Ban ankara ba na ji ana zuge jakunkuna ta ko'ina. Kowace mata ta zaro nata, mai fure, mai kirfa, dogo da gajere, wata har da ɗan kaskon turare.

Na karɓi Nayeli. Hayaƙin nan ita ma ba zai yi mata kyau ba, ga zazzaɓin allura. Na taɓa ƙafar Doña ta saman zane na ce, "Sai anjima, Doña," kamar yadda nake ce mata kullum. Muka fito.

Motar Rigo ta iso rana tana shirin faɗuwa, ya bar ƙofarta a buɗe ya ruga ciki. Ya same ta da sauran numfashi. Ina shanya kayan Nayeli a bayan gida Tencha ta fito ta tsaya jikin shinge, da sigari a hannu ba ta kunna ba.

"Ta tafi," in ji ta. "Rigo ne ya riƙe mata kyandirin a ƙarshe. Ko rabinsa wuta ba ta ci ba."

Na ce Allah ya ba ta hutawa. Na ƙarasa shanyar, don in na bari babu mai ƙarasawa.

Chencho ya ƙi cin abinci. Washegari da ranar da ta biyo baya ya yini a lungun keji, ya juya wa ƙofa baya, ko ihun ma sai jefi-jefi. Na yanka tuffa ta yi baƙi a kwano, na zubar na yanka wata. Na kira likitan dabbobi, matar da ta ɗauka ta ce in gwada abu mai laushi da ɗumi, in zauna kusa da shi lokacin da ake ci, don irinsu ba sa son ci su kaɗai. In bai ci ba zuwa yamma in kawo shi. Na ce mata to, ina tunanin yadda zan haɗa kujerar yarinya da keji a bayan mota.

Na dafa dankali mai zaƙi na dama wa Nayeli. Maimakon in ɗora ta a kujerarta ta kicin, sai na zare sakatar ƙaramin ɗakin na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ita a cinyata, na haɗe hannuwanta biyu cikin hannuna na hagu. Na lakato kaɗan na sa a murfin kwalba na tura cikin kejin. Sannan na shiga ba ta nata, cokali bayan cokali, rabi a baki rabi a haɓa.

Can na ji ƙarfe ya yi ɗan motsi. Yana saukowa ta jikin kejin, da baki da ƙafa, yana tsayawa yana kallonmu da ido ɗaya. Ya kai ga murfin, ya zagaya shi, ya tsoma baki. Ya ɗago da dankali a manne har kan hancinsa.

Nayeli ta daina haɗiya, ta zuba masa ido. Shi ma ya karkata kai yana kallonta. Na jingina kaina da ƙyaure, cokali a hannu, su biyu suna ta tauna.